Wai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to har da casis ɗin mota?

Ɗan Gangare: Salam jama'a. Ina da tambaya kan karin maganar nan, don wallahi ta ja mini asara. Fijo 504 ta marigayi babanmu ce nake ta lallaɓawa kusan shekara 2, yau in sai lagireto gobe in sai kujera, har na kai ga fenti. Ƙanena ya ɗauke ta ranar wata Asabar wai zai ɗan zagaya da ita, can wajen Farin Gada ya kauce wa mai keke Napep ya je ya daki kwalbati da gefen hagu. Shi dai ko ƙwarzane, alhamdulillah, amma ƙafar casis ta gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da gaban motar, ta lanƙwashe. Fanel bitan da na kira ya ce in kawo yanzu yanzu kar ta kwana, wai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ya kunna wutar kabaid ya gasa wajen har ya yi ja ya hau shi da guduma ya watsa ruwa. Yanzu mota tana tafiya a karkace kamar kare, ƙofar direba sai an ɗaga ta take rufuwa, taya ɗaya ta cinye ta ciki cikin sati 3. Kawuna ya ce ba mutumin ne ya cuce ni ba, karin maganar ce ba mu gane ba daga ni har shi. To me take nufi?

Hajiyar Rikkos: Allah ya kiyaye gaba ɗana. Ni yadda na tashi na ji ana faɗinta, nufinta kar ka bar abu ya huce. In an yi maka alkawari ka bi tun maganar tana da ɗumi, in an zo neman 'yarka kuma mutumin kirki ne kar ka tsaya jan rai. Ban taɓa jin an ce nufinta ka ɗauko wuta ba.

Bakaniken Bukuru: Hajiya kin yi gaskiya amma bari in shigo ta ɓangaren sana'a. Maƙeri yana gasa ƙarfe ne don yana so ya sake masa kama, ya mai da guntun sifirin ya zama lauje ko fartanya. Kai kuma Ɗan Gangare ba sabuwar kama kake nema ba, so kake ƙarfe ya koma inda kamfani ya ajiye shi, to aikin biyu ba ɗaya ba ne ko kusa. Kuma 504 salun ba kamar tifa ba ce da za ka ɗage bodi ka bar casis a ƙasa, ita bodin da casis ɗin a haɗe suke, shi ya sa duka a gaba yake fitowa a ƙofa, wani lokaci har rufin sama za ka ga ya ɗan yi tudu. Abin da ya kamata tun farko a auna. A sa tef daga ramin ƙusa na gaba dama zuwa na baya hagu, a sake daga gaba hagu zuwa baya dama, in awon biyu bai zo ɗaya ba to mota ta murɗe, masu aikin tsanaki ba sa yarda bambanci ya wuce kamar milimita 3. Sai a ɗaure motar ta kafu, a sa sarƙa a ja ta hanyar da dukan ya shigo amma a juye, kaɗan kaɗan, ana ja ana ɗan bubbuga wajen da guduma don ƙarfen ya saki jiki, a sassauta a sake awo. Yini guda ana iya yi a kan ƙafa ɗaya.

Ɗan Gangare: Oga ko tef ban ga ya ɗauko ba wlh, da ido ya duba ya ce ta miƙe.

Malamin Hausa: Ni kuma ina da ja a kan ita karin maganar kanta. Akwai masu cewa aro ce daga Turanci don su ma suna da irinta sak. Ban yarda ba, ƙira ta girmi zuwan Bature ƙasar nan nesa ba kusa ba, duk wanda ya taɓa zama a maƙera yana kallon yaro na zuga-zugi ya san in ƙarfe ya fito daga wuta ja wur, ɗan lokaci kaɗan gare ka kafin ya dushe. Abin lura shi ne ba a ce da sauri-sauri ba, da zafi-zafi aka ce. Maƙerin ai jira yake yi ƙarfen ya nuna kafin ya ɗaga masaba, wanda ya daka tun bai yi ja ba wahalar banza ya sha. Kenan akwai haƙuri a cikinta, mutane ne suka yanke rabin suka riƙe rabi.

Direban Bauchi Road: Malam wannan fassarar taka ta makaranta ce. A tasha in an ce da zafi-zafi to a yi yanzu ake nufi, ba wani jira. Kuma ku daina ɗora wa fanel bita laifi duka, mu nan mun ga 504 da aka ɗaure a bishiyar mangwaro aka ja da wata motar, ta koma hanya tana Jos zuwa Kaduna shekara da shekaru. Motar da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 don hanyoyinmu, wadda ta ci tseren Safari a Kenya a wannan shekarar, ita ce 'yar wutar kabaid za ta kashe?

Bakaniken Bukuru: Direba ai jan da kuka yi a mangwaro ya fi abin da aka yi wa wannan, ko ba komai ja ne ba gashi ba. Kuma ban ce haram ne a sa wuta ba, ƙarfen tsofaffin motoci yana ɗaukar ɗumi kaɗan a inda ya ƙi sakuwa, na motocin yanzu ne ba a so wuta ta taɓa sam don ƙarfinsa yake zubewa. Amma gasawa har ja a ƙarfe mai shekara kusan 40 wanda tsatsa ta riga ta ci ta ciki, ga fentin da ke kare cikin ya ƙone, damina biyu a Jos za ka sa yatsa ya shige. Kuma a wajen nan akwatin sitiyari da shokozoba suke samun madogara, ka tuna gangaren nan mai haɗari na Hawan Kibo kafin ka ce ba komai.

Hajiyar Rikkos: To ashe dai gyaran gangar Auzinawa aka yi masa.

Malamin Hausa: Hajiya ita ce ma ta fi dacewa da labarin, ko garin neman gira a rasa ido. Direba kuma na karɓi gyara, karin magana ta masu faɗinta ce, in tasha ta mai da ita ta gaggawa ba ni da yadda zan yi, amma a tashar ma ai kuna cewa sannu ba ta hana zuwa in fasinja ya dame ku da a taka.

Direban Bauchi Road: Wannan sai in akwai 'yan Road Safety a gaba Malam hhh

Ɗan Gangare: To yanzu oga meye mafita, a sake ja ko na haƙura da ita? Ba na son sayarwa, har yanzu carbin Baba yana rataye a madubi.

Bakaniken Bukuru: Cire bamba da madigadi ka leƙa da tocila. In lanƙwasa ce mai laushi za ta jawu, in kuwa ta karye kamar an ninke takarda ko ka ga tsaga inda ya gasa, kar ka ɓata kuɗi, je wajen 'yan kayan mota a Dilimi ka nemi gaban 504 da aka yanka, a ja motar ta dawo awo tukuna sannan a yanke ruɓaɓɓen a yi walda, kar a yarda a yanka kafin a ja. Kuma kar kowa ya shafa maka bodi fila a wajen sai ka gani da idonka. Ka kawo tef ɗinka da kanka.

Ɗan Gangare: Na gode oga. Tef ɗin tela ne a gidanmu, zai yi?

Bakaniken Bukuru: A'a don Allah, na ƙarfe, irin na kafinta.