Koyon tuƙin jirgi a filin wani manomi: in shiga ko in haƙura?

Ɗan Gwarzo: Salamu alaikum jama'a. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka. Kusa da mu akwai ƙaramin filin jirgi na wani dattijon manomi, titin ma ciyawa ce, babu hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, amma kowa na iya sauka. Ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 ɗaya gare shi, awa dala 165 har da mai, kuɗin malami daban. Na birni ya yi mini nisa. Wa ya taɓa koyo a irin wannan wuri?

Bazazzagi: Ka dawo Zariya mana, kwalejin koyon tuƙin jirgin nan tun 1964 take.

Ɗan Gwarzo: Malam, aikina da iyalina suna nan.

Baban Ummi: Ƙanena, kome za ka yi kada ka biya a dunƙule. Ni a Tekzas dala 6,000 na zuba, wai za a yi mini ragi. Ina awa 19 injin ya tafi gyara, ga jirgin tilo. Wata huɗu ina buga waya. Ya dawo, malamin ya samu aiki a kamfanin jirage ya tafi, ruwan sama kuma ya mai da titin caɓi. Ƙarshe mai filin ya sayar wa masu gina gidaje. Ko sisi ban gani ba.

Maman Amir: 165 ta yi arha. Maigidana 210 yake biya.

Sarkin Tasha: An cuce shi Hajiya, 140 na biya.

Maman Amir: A wace shekara?

Sarkin Tasha: 2015.

Kyaftin: Lissafinku duk na awa ne. Doka ta ce aƙalla awa 40 kafin a ba ka lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai, amma galibi sai an haura 60. Kuma in ba ɗan ƙasa ba ne kai, sai TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, ta tantance ka, ko da katin zama gare ka.

Baban Ummi: Kyaftin, kai da ka koya da kuɗin gwamnati, bar mu da aljihunmu ya yi kuka mu yi magana.

Na Allah: Dabbobi na shiga titin? In ka buge barewa dai a yi saurin yankawa.

Bazazzagi: Ni 'yan gida nake jiye maka. Ranar da suka ga hotonka a cikin jirgi, ƙanin babanka zai ce a turo kuɗin Hajji.

Maman Amir: Wallahi! Mu bidiyo ɗaya aka saka, buƙata bakwai ta shigo kafin Magariba.

Ɗan Gwarzo: To, filin fa?