Musayar waƙa: Prince Buster, ɗan damben da ya koma mawaƙi

Mai Garmaho: Jama'a, jiya na zaro faifan Prince Buster daga akwatin marigayi yayana, har da ƙurar shekaru a jikin kwalinsa. Ga buɗin fage, mai iyawa ya amsa.

Na buɗe fage da Yarima ɗan Jamaika,
Cecil Campbell, Kingston ce ta haife ka,
A 1938 ka zo, titin Orange gidanka,
Dambe ka fara kafin waƙa ta ɗauke ka.

Coxsone Dodd ya sa ka gadin lasifikarsa,
Masu tada husuma ka kora daga filinsa,
Ka naɗe sirrin faifai, ka bar ƙofar gidansa,
Ka kafa naka lasifikan, Voice of the People, a gaban idonsa.

Ɗan Kurmi:
Baba Mai Garmaho, allurarka ta dushe,
Faifan ya karce, baitin ma ya lanƙwashe,
Mai gadin ƙofa ka ɗauko, baki a washe,
Derrick Morgan ne gwani, saura duk a kwashe.

Gwaggo Uwani:
Allura ƙarfe ce, yaro, kar ka raina,
A 1960 wa ya kira Count Ossie da ganguna?
Ya haɗa shi da Folkes Brothers aka yi Oh Carolina,
Wanda ya yi wannan, gadi bai ɓata masa suna.

Lokacin kowa gudun 'yan Rasta yake, shi ya shigar da gangunansu ɗakin ɗaukar murya. A faɗa wa yaron nan.

Sadauki: Gwaggo ta gama magana! A rufe fage kawai.

Ɗan Kurmi: Sadauki, kai dai ɗan amshi ne, ko tari Gwaggo ta yi sai ka ce baiti ne.

Gwaggo, ranki ya daɗe, amma ki ji batu,
Morgan ya koma wajen Leslie Kong, Yarima ya yi kartu,
Ya ce an sace masa busa, ya hau zambo babu hutu,
Mai kishi da yaron gidansa, ina ya ga karatu?

Mai Garmaho: Ga waɗanda ba su san rikicin ba: a 1962, shekarar da Jamaika ta sami 'yancin kai, Morgan ya yi waƙar Forward March a ƙarƙashin Kong, mai kamfanin faifai. Buster ya ce an kwafi busar wata waƙarsa, suka shiga jifan juna da faifai. Magoya baya suka ɗauka da zafi har ana doke-doke a wuraren rawa, sai da hukuma ta sa baki aka ɗauke su hoto tare a jarida.

Malam Aruli: Ku dakata. Mai Garmaho, ɗangonka na uku a baitin farko, karanta shi da baki. Alif ɗari tara da talatin da takwas gaɓa 13 ce ita kaɗai, ka cusa ta a ɗango kamar buhu a bayan keke. Kai kuma Ɗan Kurmi, mene ne "ya yi kartu"? Ƙafiya ka nema ka rasa, ka ƙera kalma.

Mai Garmaho:
Malam, ska, kiɗan Jamaika, ba a kan dukan take sauka ba,
Jita na jira ganga ta wuce, sannan ta taɓa,
In ɗangona ya yi ɗingishi, ai ba laifi ne ba,
Rawar Kingston ce, ba karatun Zariya ba.

Malam Aruli: Su da gangan suke jinkirta dukan, kuma kullum a wuri ɗaya yake faɗawa. Naka tuntuɓe ne. Sannan "ba" sau uku ba ƙafiya ba ce, lalaci ne.

Sadauki: To Malam, kawo naka mu gani mana.

Malam Aruli: Ni alƙali ne a nan.

Ɗan Kurmi:
Alƙalin da bai taɓa shiga fage ba,
Ya san nauyin naushi a takarda, ba a haƙarƙari ba.

Gwaggo Uwani: Yau ɗaya na yarda da yaron nan.

Hajjo: Kwana biyu ba ni da caji, na dawo na tarar kun bar mutumin a titin Orange kuna faɗan gaɓa.

Ya sadu da Muhammad Ali a 1964,
Ɗan dambe ya ga ɗan'uwansa, zance ya yi armashi,
Ya shiga ƙungiyar Nation of Islam ta Amurka, ya sake suna nasa,
Waƙarsa Al Capone ta shiga ashirin na sama a Ingila, 1967.

Na san bai hau ba, Malam, kar ka wahalar da yatsunka. Ƙungiyar Madness ta Landan ma daga waƙarsa ta ɗauki suna. Ya rasu a Miami a 2016, yana da shekara 78.

Malam Aruli: Hajjo, wannan ai labarai ne, a kai su rediyo.

Mai Garmaho: Allah ya jiƙan Yarima. Wa ya san inda ake samun allurar garmaho yanzu? Tawa da gaske ta dushe.