Musayar baiti a kan Judi Dench: ta dandamali ce ko ta talabijin?

Ɗan Bichi:
Salamu alaikum, na taho da tambaya,
Kan tsohuwar da ke wa James Bond tsawa da tsiya,
"M" shugabarsa a fim, mai furfura, kallonta kamar kibiya,
Ina ta ɓuya da can, ba a san ta a duniya?

Malam Sabo:
Yaro man kaza, ka iso a ƙarshen biki,
Tun 1957 Judi Dench take bakin aiki,
'Yar garin York, gidan wasan Old Vic ya ɗauke ta da ƙuruciya a jiki,
Ta fito a Ofiliya ta wasan Hamlet, masu sharhi suka sa ta a baki,
Ba ta yi zuciya ba, ta ƙara ɗamara da kuzarin doki,
Bond ɗinka sai 1995, shekara sittin cif a jiki.

Har Afirka ta Yamma ta zo a 1963 da 'yan wasan Nottingham Playhouse, suka yi Macbeth, wasan Shakespeare, a Najeriya. Lokacin ko babanka ba a yi wa aure ba.

Hajiya Binta:
Malam a gafarce ni, dandamalin nan ban gani ba,
Kuɗin tikitin Landan bai taɓa kwana a jakata ba,
A akwatin talabijin na san ta, ba wani wuri ba,
As Time Goes By, ita da Geoffrey Palmer, ban manta ba.
A labarin, soja ya tafi Koriya, wasiƙarsa ba ta iso ba,
Nas ta yi ta jira, ta ce ashe bai damu ba,
Shekara 38 suka haɗu, son bai tsufa ba,
Daga 1992 har 2005 BBC ba ta gaji ba.

Malam Sabo:
Hajiya kin yi gaskiya, amma ga ƙarin bayani,
1976 a Stratford, ɗan ɗaki ne, 'yan wasa a tsakani,
Ita ce matar Macbeth, Ian McKellen mijin, an kashe sarki ba a sani,
Kyandir a hannu, tafe take cikin barci tana goge jini,
Ta ja wata doguwar ƙara, har yau tsigar jiki na tashi mini,
An ɗauke shi a talabijin a 1979, a nan ni ma na gani.

Hajiya Binta:
Af! Ashe Malam kai ma kujerar falo ka zauna,
Ka gama yi mana fankama, gaskiya ta yi halinta da rana,
To ga wani, A Fine Romance, ita da mijinta na sunna,
Michael Williams, suna wasan soyayya alhali a gida ɗaya suke kwana.

Ɗan Bichi:
Ni dai na ji an ce minti takwas kacal ta fito,
A Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a fim ɗin Shakespeare in Love, kyautar Oscar ta bi ta da gudu ta sauko,
Idon ya raunana yanzu, rubutu ba ya karanto,
Sai abokai su karanta mata, ta haddace ta fito.

Malam Sabo:
Hajiya kin kama ni, na sallama wannan karo. Amma Kiliyobatra da ta yi a dandamali da Anthony Hopkins a 1987 tana nan, baitinta sai bayan sallar isha'i.