Neman kalmar Hausa: dajin da ke tashi da kansa, ya za mu kira shi?

Jama'a dan Allah ku taya ni. Ƙanina da ke karatu a kwalejin gandun daji nan Jos ya kawo min wani darasi in taya shi mayarwa Hausa sbd manoma, sai muka cije a kan natural regeneration, wato dai daji ya sake tashi da kansa ba wanda ya je da dashe. Misalin da darasin ya kawo kuma bishiyar junifa ce, wadda ba mu da ita a dazukanmu.

Ita bishiyar ni ina ganin mu ari sunan Larabawa kawai, ar'ar. Alhazan da suka taɓa hawa duwatsun Ɗa'ifa wataƙila sun gan ta ba su sani ba, tana nan har Abha a kudancin Saudiyya, akwai ta a tsaunukan Habasha da Kenya, sai babban dajinta na Ziarat a Fakistan da UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2013.

Toh ɗayar kalmar fa? Wani ɗan uwa a cikin masu sharhi yace toho. Wani kuma daga Maraɗi yace ai su tuni suna da suna, sassabin zamani, aikin nan da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya faro da manoma wajen 1983, inda ake barin kututture ya yi toho a rage rassan a bar masu ƙarfi. Malam na gode sosai, wlh sunan yayi kyau, amma shi da hannun manomi a ciki, ga adda ga kulawa. Toho kuma daga kututture ko saiwa yake fitowa, ita ko ar'ar yawancinta in ka sare shikenan ta tafi, sai dai ta iri.

Shi yasa ni nake kan gyauro. Duk wanda ya tashi a gona ya san gyauro, gero ko dawa da ya zube bara, ruwa na sauka ya tsiro ba wanda ya shuka. Haka ar'ar take. Tsuntsaye ne ke cin 'ya'yanta su je su kasayar da ƙwallon a wani wurin, ƙwallon ga ɓawo mai tauri yakan kwana shekara ɗaya ko biyu a ƙasa kafin ya fashe, da yawa ma fanko ne ba komai a ciki, wanda ya samu ya tsiro kuma in ba a gindin wani ɗan kurmi ko bakin dutse ya faɗo ba inda akwai inuwa da laima, rana ta ƙone shi, ko awaki su tattake, ko gobara ta lashe, ga girmanta a hankali kamar me. Sai kaga daji cike da tsofaffin bishiyoyi babu 'yan ƙanana a ƙarƙashi, kuma wannan shine abin da ke damun masana a Ziarat da yankin Asir na Saudiyya.

Wata Hajiya a cikin masu sharhi ta kawo gyara mai ƙarfi, tace yanzu in an ce gyauro mutane ragowar 'yan ta'adda suke tunawa sbd haka gidajen rediyo ke faɗa. Gaskiya ne Hajiya, amma ai daga gona suka aro ta, ban ga dalilin da zai sa mu bar musu ba. In aka ce gyauron daji, ko gyauron ar'ar, manomi a Bassa ko Toro bazai nemi ƙarin bayani ba.

Abinda zamu rubuta a darasin kenan: gyauro in daga iri ne, toho in daga kututture ne, sassabin zamani in manomi ya sa hannu. Saura bishiyar da ke yi wa ƙaramin tsiro inuwa har ya yi ƙarfi, ni uwar goyo ce ta zo min, ko akwai wanda ya ji wani suna a wajen tsofaffi?