Tauri ko tsauri? Neman kalma don gatarin bayan motar kat

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamai. Ina aikin wani bayani kan ƙananan motocin tseren nan da ake kira kat, irin waɗanda Ayrton Senna da Lewis Hamilton da Max Verstappen suka fara tuƙi a kansu tun suna yara. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce *stiffness*, wadda ake faɗa game da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Na sa "tauri". Da na gangaro ƙasa sai ga *hardness*, ita ma bakina ya ba ni "tauri". A taimaka.

Bakanike:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ƙarfen dai gatari muke ce masa a gareji, wasu su ce aksil. Ki rubuta gatarin baya, ko yaron mota zai gane. *Stiffness* ɗin kuwa ki ce mai ƙarfi da marar ƙarfi, a wuce wurin.

Mai bin tsere:
Baba, a yi haƙuri, "ƙarfi" zai ɓatar da mai karatu, don duk gatarin da ke kan kat mai ƙarfi ne, ba karyewa ake tsoro ba. Bari in faɗi aikin da yake yi tukuna.

Kat ba ta da sifirin, ba ta da shokazoba, ba ta da giyar nan ta tsakiyar gatari da ke barin tayar dama da ta hagu su yi gudu daban-daban. Gatarinta bututun ƙarfe ne guda ɗaya, taya a kowane baki, duk juyin da wannan ta yi sai waccan ta yi. To ga kwana. A ajin manya faɗin baya yakan kai milimita 1400. Idan motar ta yi kwanar komawa baya, tayar waje za ta ci ƙasar da ta fi ta ciki da fiye da mita 3 da rabi, alhali a ɗaure suke. In duk biyun suka manne da kwalta, motar ta ƙi juyawa ke nan, ka murza sitiyari hancinta na tafiya gaba, inji na nishi.

Dabarar ita ce a ɗage tayar baya ta ciki. An karkata sandunan da tayoyin gaba ke juyawa a kansu, ta yadda in direba ya murza sitiyari tayar gaba ta ciki za ta danna ƙasa, firam ya murɗe, ta baya ta ciki ta saki kwalta. A hotunan gasar Lonato ta Italiya ko Genk ta Beljiyam za ku ga haske a ƙarƙashin tayar, mota na tafiya kan ƙafa uku. Saurin ɗagowarta, daɗewarta a sama da yadda take sauka, gatari na da hannu dumu-dumu a ciki. Abin da ake nema wa suna shi ne yawan lanƙwasar da yake yarda ya yi a wannan lokacin, sannan ya dawo daidai.

Malamin fiziks:
Madalla da wannan bayani. Hajiya, abubuwa uku ne, kada ki bari su cakuɗe. Akwai nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, ko ya karye. Wannan ne Baba ke nufi da ƙarfi. Akwai yadda fuskarsa ke ƙin karcewa ko lotsawa: maƙeri ya gasa bakin adda ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ka goga magagari ka ji yana zamewa yana ƙara ba ya cin komai. Wannan tauri ne tsantsa. Na ukun shi ne namu: a ɗora masa nauyi kaza, milimita nawa zai rusuna?

Ga abin da ke ba ɗalibaina mamaki. Ƙarfen da aka gasa da wanda ba a gasa ba, in kaurinsu da tsawonsu ɗaya, kusan rusunawa ɗaya za su yi a ƙarƙashin ƙaramin nauyi. Ma'aunin da ake kira na Young, wanda ke nuna yadda jikin ƙarfe ke ƙin rusunawa, bai cika barin gigafaskal 200 zuwa 210 ba a ƙarafan ƙera mota, a gasa ko kar a gasa. Siffa ce ke da ta cewa. Bututu mai faɗin milimita 50 da kaurin bango 2 ya fi mai faɗin 40 da bango 3 ƙin lanƙwasa da kusan kashi 45 cikin 100, kuma ya fi shi rashin nauyi. Saboda haka in kin kira biyun tauri, jimlar da na rubuta yanzu za ta koma "ƙara tauri ba ya ƙara tauri". Ina ba da shawarar "turjiya".

Bakanike:
Malam, ban yarda sifirin ɗin tirela da rodin gini abu ɗaya ne a hannu ba. Shekaruna nawa ina dukan ƙarfe.

Malamin fiziks:
Baba, ba ɗaya ba ne, kuma hannunka bai yi maka ƙarya ba. Rodi kan gaji da wuri ya zauna a lanƙwashe, sifirin ya yi nisa ya dawo. Amma taɓin farko, kafin rodin ya gaji, tare suke tafiya.

Mai bin tsere:
Gardamar nan taku har a filin tsere ana yin ta. Kamfanin OTK na Italiya, masu Tony Kart, suna sayar da gatura da haruffa: N na tsakiya, Q da U wajen laushi, H wajen tauri. Faɗin ɗaya, milimita 50. Injiniya ya ce a lissafi bai kamata su bambanta a lanƙwasa ba, direba ya sauko ya ce wallahi motar ta canza. Wasu na danganta abin da yadda ƙarfen ke shanye girgiza da yadda yake dawowa. Hukumar CIK-FIA, mai tsara dokokin tseren kat na duniya, dai ta ɗaure hannun kowa: kada faɗi ya wuce milimita 50, kuma a wannan faɗin kada bango ya gaza 1.9. Shi ya sa makanikan masu tsere ke wasa da sauran abubuwa. Doguwar mazaunar taya, wato ƙarfen da ke riƙe taya a bakin gatari, tana rufe gatarin ta rage lanƙwasarsa, gajeriya ta sake shi. Boris na uku na tsakiya, a ɗaure shi tam ko a sassauta ko a cire. Wani ma ya sa gatari gajere.

Sannan kwalta ba ta zama yadda take. Ranar farko, ko bayan ruwa ya wanke ta, fili fes yake ba roba, baya na zamewa. Koyarwar da aka saba ji ita ce a sa wanda ba ya lanƙwasa sosai, ya danna tayar waje ta kama. Zuwa ranar ƙarshe ɗaruruwan tayoyi sun shafa roba baƙi ƙirin a kan layi, kamu ya yi yawa, motar ta fara tsalle-tsalle a tsakiyar kwana ko ta ɗaure a fita. Nan sai a ce a sa wanda ya fi lanƙwasa. Amma kada Hajiya ta rubuta wannan kamar doka. Masu tuƙa wasu firam, har da na OTK, sukan yi akasin haka, kamu na ƙaruwa suna matsawa wajen H. Firam, irin taya, ƙarfin inji da tsawon direba duk suna sa baki. Ranar ruwa kuwa kafin a taɓa gatari an riga an tsuke faɗin baya an buɗe na gaba, direba kuma yana gudun layin robar nan don ya zama santsi.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Turjiya ta kama ma'anar, sai dai bayanin cike yake da kwatanci: wannan ya fi wancan, a sa mai kaza, a rage kaza. "Gatari mai turjiya" ya shiga kunne, amma me zan kira kishiyarsa? Kuma an riga an ba turjiya aiki a darasin lantarki.

Malamar Hausa:
Ƙanwata, kalmar na bakinki, harafi ɗaya ya raba ki da ita. Tsauri. Duba abokan tafiyarsu: tauri da laushi suke zuwa, kamar a nama ko a ƙasar noma. Tsauri kuwa da sassauci yake zuwa. Mukan ce doka ta yi tsauri, a sassauta. Ba mai nufin dokar ba ta karcewa. Ba ta lanƙwasawa ne. Ga aikatau a shirye, wanda turjiya ba za ta ba ki cikin sauƙi ba: a tsaurara baya, a sassauta baya. Ga sifa: tsattsauran gatari, sassauƙan gatari.

Wani mai karatu:
Malama, a bakin mutanenmu da yawa tauri da tsauri kalma ɗaya ce. Tsohuwata in nama bai dahu ba tsauri take cewa ya yi. Ba za a rikice ba?

Malamar Hausa:
Gaskiyarka, ɗana, a hira suna shiga gonar juna, kuma ba wanda zai hana Inna faɗin abinta. Su ma masu kat ɗin da Turanci "mai tauri" da "mai laushi" suke cewa, injiniyoyinsu na cizon yatsa. Rubutun fasaha ne ke raba wa kalmomi aiki. A bayyana sau ɗaya a farko, da kalmar Malam: tsauri shi ne turjiyar abu ga lanƙwasa. Daga nan a riƙe rabon har ƙarshe.

Malamin fiziks:
Na janye tawa, na bi ta Malama. Jimlata ta tsira: gasa ƙarfe na ƙara masa tauri, ba ya ƙara masa tsauri.

Mai fassara:
To ga yadda zan sa. Gatarin baya. Tsauri da sassauci ga lanƙwasa, tauri da laushi ga jikin ƙarfen, ƙarfi ga abin da zai ɗauka kafin ya lalace. Inda ake maganar haruffan kamfani, N da H da sauransu, zan bar tauri da laushi, tunda abin da suke sayarwa ke nan. Inda ake maganar mazaunar taya da boris na uku, tsauri.

Bakanike:
Allah Ya yi albarka. Ni dai a gareji ba zan fasa cewa mai ƙarfi ba. Amma ku dawo mana da maganar giyar tsakiyar nan da kat ba ta da ita, don ita ma kowane gareji da yadda yake kiran ta.