Wai "abin sha kyauta" a jirgin ruwan yawon buɗe ido, gaskiya ne?

Mma Salamatu, Nima

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa. Ƙanena da ke zaune a Italiya, shekara tara rabona da shi, ya dage sai mun je masa a hutun Agusta, ni da maigida da yaranmu uku. Dare bakwai za a yi a teku, a tashi daga Janowa, a tsaya Barsalona da Marsai. Shi zai biya kuɗin jirgin ruwan, na jirgin sama daga Accra kuma namu ne.

A tallar da ya turo mini ta WhatsApp an ce abin sha kyauta ne, akwai kuma wurin wasan yara kyauta. Maigida dariya ya yi, ya ce shi tun da yake bai ga inda Bature ya ba da abu a banza ba. Ni atamfa nake sayarwa a Makola, na san yadda muke cewa "na rage miki" bayan mun riga mun ɗora. To mene ne kyautar? Mu ba giya muke sha ba. Sannan yaran, mace mai 14, namiji mai 9 da auta mai 4, da gaske mutum zai miƙa ɗansa ga baƙi a tsakiyar ruwa ya juya baya?

Baba Sani, Ashaiman

Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekaru ina raba abinci a irin jiragen nan kafin gwiwa ta dawo da ni gida. Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya.

Abin da kowa ke samu ba tare da ƙarin kuɗi ba shi ne ruwan injin da ke ɗakin cin abinci, da shayi, da kofi na gama-gari, sai lemon da ake bayarwa da karin kumallo. Ruwan gora, lemon kwalba, lemon da aka matse a gabanki, duk na kuɗi ne. Idan kuwa tallar na nufin an haɗa tikitin da tsarin sha-ka-ƙoshi, ki sani kuɗinsa na cikin tikitin, kuma giya ce ta sa shi tsada. Ke da ba ki wuce Fanta biyu a rana, kina taya wani biyan barasarsa ke nan. Ki ce wa ƙanenki ya tambaya ko akwai tikiti marar wannan tsari, ko ya ɗauki na marasa giya, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku yanke shawara tare da maigida, don galibi manyan da ke ɗaki ɗaya dole su ɗauki iri ɗaya.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne katin. Ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki. Kowa, har yara, ana ba shi kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma aljihu. Yaro ya miƙa, a ba shi askirim ko ya buga wasan kwamfuta, sai daren ƙarshe takardar lissafi ta iso ƙofa. Na ga magidanta sun zauna a bakin gado da takardar nan kamar an aiko musu da saƙon rasuwa. Ranar farko ki je teburin karɓar baƙi a rufe sayayya a katin yaran. Akwai kuma kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane dare a kan kowane mutum. Wannan kam kada ki yi ƙorafi, da shi irinmu suka gina ɗaki a Ashaiman.

Ummu Faruk, Madina

Yaya Salamatu, mun yi bara da yara biyu, kuma in kin tambaye ni wurin yaran nan shi ne kaɗai kyautar da ta amsa sunanta. Ana raba su ne bisa shekaru. Autarki za ta shiga rukunin ƙanana muddin ta daina sa famfas, akwai zane da fenti da rawa. Mai 9 ɗin kuma ƙwallo da gasa da farautar abin da aka ɓoye a lungunan jirgi. Ke za ki sa hannu ki ajiye, ke za ki sa hannu ki ɗauka, ba sa ba wa kowa yaro sai wanda kika rubuta sunansa. Ana ɗaura musu abin hannu mai nuna wurin taruwa idan an yi gaggawa, su kai miki su can. Faruk ɗina kwana biyu yana maƙale da zanina, rana ta uku da kuka na fito da shi cin abinci. Shi da Turancin makaranta, abokinsa da Italiyanci, ban san yadda suke fahimtar juna ba.

Mai 14 ɗin ce abin lura. 'Yan 12 zuwa 17 shiga da fita suke yi da kansu, ba mai tsare su, kuma shirinsu na kaiwa dare, maza da mata a haɗe. Ni dai ƙa'ida zan sa: bayan isha'i a dawo ɗaki. Wurin ninkaya kuma kada ki dogara da kowa, idonki ne mai gadi.

Abinci: kifi da taliya da shinkafa da kayan lambu suka riƙe mu. Naman alade yana ko'ina a karin safe, kayan zaƙin Italiya kuma wasu da giya ake jiƙa su, sai kin tambaya. Ki koyi kalma ɗaya, "analcolico", wato marar giya. Alƙibla kuwa, kina raka'a ta biyu jirgi ya karkata. Malaminmu ya ce in fuskanta daidai iyawata. Ki tafi da yajinki da garin rogo, ranar huɗu za ki gode mini.

Ɗan Tudu

Kuna ta lissafin lemo alhali biza ba ta fito ba. Ta Shengen, wato ta shiga Italiya da Faransa da Sifen, euro 90 ce ga babba, 45 ga mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kyauta. Ku biyar euro 315 ke nan, ban da ladan ofishin karɓar takardu da inshorar lafiya, kuma in an hana ba a mayarwa. Kada a biya jirgi kafin fasfo ya dawo, sai in tikitin mai yiwuwar sokewa ne.

Ni shawarata ku fara gwada ruwan gida. Akosombo tafiyar awa biyu da ɗoriya ce daga Accra, akwai jirgin da ke kai mutane tsibirin Dodi a kan tafkin Volta, a je a dawo a yini ɗaya. Yara su ga madatsar da aka gama a 1965, ku tsaya Atimpoku gindin gadar Adomi ku ci abolo da jatan lande. A nan za ki gane wa ke amai a cikinsu.

Mma Salamatu, Nima

Allah ya saka da alheri. Baba Sani, na karanta wa maigida naka, tun ɗazu yake cewa "ban faɗa miki ba?" Na kira ƙanena, ashe tsarin mai giya ne aka haɗa masa bai lura ba, gobe zai nemi a canja. Ya kuma gano ɗakin mutum huɗu yake ɗauka, mu biyar sai ɗaki biyu, don haka 'yan matan na wurina, namijin wurin babansa. Akosombo za mu je bayan Sallah in sha Allah.

Saura tambaya ɗaya: zan iya shiga da butar lantarki? Maigida ba ya karyawa sai da koko.

Baba Sani, Ashaiman

Za su ƙwace ta a bakin shiga, ita da dutsen guga, saboda tsoron gobara. Ki riƙe garin kokonki, ruwan zafi na nan a injin shayi.