Kod ɗin zaman jiran furosesa sau uku na rubuta shi, ta yaya zan mayar da shi ɗaya?

dan_samaru

Slm jama'a. Ina aji huɗu a nan Samaru, furojet ɗina ƙaramin kanel ne (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da nake so ya tashi a kan furosesa iri uku, x86 da ARM64 da RISC-V, duk cikin QEMU (manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta) nake gwadawa sai ARM ɗin da nake da Raspberry Pi na aro. Matsalata ita ce zagayen da furosesa ke shiga in babu aikin yi. Da na rubuta na x86 sai na kwafe shi na liƙa a sauran biyun na canza hlt (umarnin kwantar da furosesa a x86) zuwa wfi (takwaransa a ARM da RISC-V), shi kenan. Yanzu bayan wata biyu ukun sun bambanta ni kaina ban san ta ina ba, na gyara ƙirgar lokacin barci a ɗaya na manta da sauran, jiya har sha biyun dare ina neman dalilin da ya sa RISC-V ke ce min furosesa na aiki ɗari bisa ɗari alhali ba abin da yake yi, ashe gyaran ne bai kai can ba. Sufabaizana ya ce in haɗe su wuri ɗaya amma ina tsoro kar in taɓa abu ya rushe ana saura sati shida difens. Wa ya san yadda manya suka yi nasu? Me ake haɗewa me ake bari?

injiniya_kwangila

Wslm ƙanina. Abin da ya same ka shi ya samu Linux shekara da shekaru. Da can kowane irin furosesa na da nasa cpu_idle() a cikin fayil ɗinsa na process.c, sama da ashirin, kusan duk kwafin juna ne, kuma kamar naka sun yi ta bambanta. A 2013 Thomas Gleixner ya aiko da jerin faci da suka kwashe su suka zuba a fayil ɗaya, ya shiga Linux 3.10. Farko a kernel/cpu/idle.c yake, daga baya aka mayar da shi kernel/sched/idle.c, har yau can yake, buɗe ka karanta do_idle(), bai da tsawo sosai.

Dabarar kuwa ba wani abu ba ce. Ka zauna da takarda ka jera ukun naka gefe da gefe, za ka ga ƙashin bayansu ɗaya ne: duba ko akwai aiki, in babu a rufe intarof (siginar da ke katse furosesa in wani abu ya faru), a sake dubawa, a rubuta lokacin shiga, a kwanta, a farka a rubuta lokacin fita, in aiki ya zo a kira shedula (mai zaɓar aikin da furosesa zai yi). Duk wannan ba ruwansa da ko Intel ne ko ARM. Abin da ya bambanta layi biyu ne ko uku, umarnin kwanciyar kansa. To shi kaɗai za ka bar wa kowane furosesa. A Linux sunansa arch_cpu_idle(), kuma akwai ƙananan ƙofofi kusa da shi irin arch_cpu_idle_enter() da arch_cpu_idle_exit() waɗanda aka bar su fanko, wanda yake da buƙata ya cike nasa, wanda ba shi da ita bai rubuta komai ba. Kai kam da ɗaya ma za ka fara, kar ka ƙirƙiri ƙofar da ba wanda zai bi ta.

ummu_gyallesu

Yaya injiniya ya faɗi gaskiya amma ni inda nake so ka tsaya shi ne maganar intarof, don nan ne haɗewar ke cizon mutane wlh. Ka ce canza hlt zuwa wfi kawai ka yi, toh nan ma akwai matsala tun kafin a zo maganar kwafi, don ba halinsu ɗaya ba.

A x86 in ka yi hlt intarof na rufe, intarof na yau da kullum ba zai tashe shi ba, ya tafi kenan sai irin su NMI, wato intarof da ba ya rufuwa. In kuma ka buɗe intarof tun da wuri sannan ka duba layin aiki sannan ka yi hlt, to tsakanin dubawar da kwanciyar intarof na iya shigowa ya ajiye aiki, kai kuma ka riga ka yanke cewa babu komai sai ka kwanta a kansa. Kamar mai gadi ne ya leƙa ƙofa bai ga kowa ba, yana juyawa baƙo ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya yi shiru, shi kuma ya je ya yi barcinsa. In agogonka na bugawa sau 100 a sakan, aikin zai jira har milisakan 10 ba za ka ma lura ba sai dai ka ji abu na ɗan jan ƙafa, amma ranar da ka fara kashe agogo a lokacin jira don adana wuta sai kanel ya sandare gaba ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sti (umarnin buɗe intarof) da hlt manne da juna, don bayan sti furosesa ba ya karɓar intarof sai ya gama umarni ɗaya na gaba, Linux na kiran wannan safe_halt.

ARM kuma wfi ɗinsa na farkawa ko da an rufe intarof, in dai akwai wanda ke jira. Don haka a can kana kwanciya a rufe, ka farka, sannan ka buɗe. RISC-V ma haka, ƙari kuma ƙa'idarsu ta yarda a gina wfi ya zama bai yi komai ba ya wuce kawai, don haka kar kod ɗinka ya ɗauka duk farkawa aiki ne ya zo, dole a koma a sake dubawa.

Abin da nake nufi, kafin ka haɗe komai rubuta alƙawari a saman fayil ɗin: ana kiran wannan aikin intarof na rufe, kuma zai dawo a wane hali. Ka zaɓi ɗaya ukun su bi. Linux kanta shekara goma tana kan cewa a dawo a buɗe, sai a 6.3 cikin 2023 Peter Zijlstra ya juya ta ya zama ana dawowa a rufe, kod na gama-gari shi ke buɗewa. Ni da zan ba ka shawara na biyun za ka ɗauka tun yanzu, don ƙirgar lokacinka za ta fi zama daidai, a ARM da RISC-V ba za ka haɗa lokacin da aka ɓata wurin sauraron intarof cikin lokacin barci ba.

bash_pz

ni dai gyaran waya da laftof nake a PZ ban kai ku karatu ba amma ina sa wa mutane Linux a tsofaffin laftof, kuma wannan abin da kuke magana shi ne batir. wanda yake son gani da idonsa ya shiga /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpuidle zai ga state0 state1 har gaba, kowanne da sunansa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya farka da sau nawa aka shige shi. akwai wata laftof da aka kawo min fanka ba ta tsayawa ashe wani ne ya sa idle=poll a layin but (umarnin da ake ba Linux lokacin tashi), furosesa ba ya kwanciya sam sai zagaye yake yi, ina cirewa ta yi sanyi. da yadda wuta take a garin nan ba ƙaramin abu ba ne

injiniya_kwangila

Haka ne Bash, wannan shi ne cpuidle, tun 2.6.24 a 2008 yake ciki. Shi ma raba aiki aka yi, direba irin intel_idle ya san matakan barcin da na'ura ke da su, gwamna irin menu ko teo shi ke zaɓar wanda za a shiga. Amma dan_samaru kar ka je can yanzu, mataki ɗaya gare ka, ba ka buƙatar gwamna. Sati shida ya ishe ka in ka yi shi ɗaya bayan ɗaya, mayar da x86 kan sabon fayil ka gwada ka adana, sannan ARM, kar ka taɓa ukun a dare ɗaya.

dan_samaru

Allah ya saka da alheri, Yaya injiniya da Anti ummu na gode ƙwarai. Na duba yanzu, wlh a x86 ɗin sti ɗina na can sama kafin duba layin aiki, layi huɗu tsakaninsa da hlt, agogo ne kawai yake rufa min asiri. Na gyara na mayar da shi kan idle.c guda ɗaya, na x86 ya koma sti, hlt, cli (mai rufe intarof) kawai. Gobe in an kawo wuta zan yi na Raspberry Pi. Anti tambaya ɗaya, a ARM64 ɗin dole ne in sa dsb kafin wfi ko QEMU ne kawai ke ƙyale ni?

ummu_gyallesu

Sa shi. Linux ma dsb take yi sannan wfi, don rubutun da ke kan hanya zuwa memori ya kammala kafin a kwanta. QEMU ba zai nuna maka bambancin ba, a kan Pi ɗin za ka gwada, ka bar shi a kunne ya kwana ka ga ko ƙirgar ta tafi daidai.